Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Haɗa Sitiyarin Wasan Tseren Mota a Gida?

Duk wanda ya jima yana buga wasan tseren mota da madannan kwamfuta ya san inda gizo yake saƙa. Madanni ba shi da tsaka-tsaki, ko dai a danna shi gaba ɗaya ko a sake shi, alhali kuwa tuƙi kusan dukkansa a tsaka-tsakin yake: ɗan murɗa sitiyari kaɗan, taka birki da ƙarfi sannan a riƙa sassauta shi a hankali yayin shiga kwana, da ba mota wuta daidai gwargwadon yadda tayoyi za su iya riƙe kwalta. Sitiyarin kamfani yana magance wannan matsala, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne, domin Logitech G29, wanda ake ɗauka a matsayin na masu farawa, a kan kusan dala 400 ya fito a shekarar 2015. Shi ya sa mutane da yawa suke tunanin haɗa nasu. Hanyoyin da suke gaban mai wannan niyya huɗu ne: sitiyarin da ba shi da injin, wanda aka ɗaura wa injin lantarki da bel, wanda aka ɗora kai tsaye a kan injin mai ƙarfi, da kuma sayen na kamfani na hannu a gina masa mazauni kawai.

Kafin a sayi ko da noti ɗaya, dole ne a tsayar da magana a kan na'urar da za a yi wasan da ita. PlayStation 4 da 5 da Xbox ba sa karɓar kowane sitiyari, sai wanda yake ɗauke da shaidar izini ta kamfanin, kuma allon lantarkin da mutum ya haɗa a gida ba shi da wannan shaida. Akwai na'urorin shiga tsakani da suke sa wani sitiyari ya bayyana kamar mai izini, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin wahala, kuma ba kullum suke dorewa ba idan kamfanin ya sabunta manhajarsa. Saboda haka mai son Gran Turismo 7, wanda a PlayStation kaɗai ake samunsa, zaɓinsa ya riga ya taƙaita ga hanya ta huɗu. Mai kwamfuta ne yake da sarari, domin Windows tana karɓar duk abin da ya gabatar da kansa ta USB a matsayin na'urar wasa, kuma wasanni irin su Assetto Corsa na 2014, da Euro Truck Simulator 2 na 2012, da Live for Speed wanda ko tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarsa, suna barin mutum ya nuna musu da kansa wanne ne sitiyari, wanne ne birki, wanne ne totur.

Hanya ta farko ita ce mafi araha, kuma zuciyarta ƙaramin allon lantarki ne na Arduino, wanda ake rubuta masa umarnin abin da zai yi. A nan ne mutane suka fi yin asarar farko, domin Arduino Uno shi ne ya fi yawa a kasuwa, amma ba shi ne ya dace ba. Abin da ake buƙata shi ne Leonardo ko Pro Micro, waɗanda suke ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega32U4 mai iya magana da kwamfuta kai tsaye a matsayin na'urar wasa. Shi Uno sai an sauya manhajar wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta biyu da ke jikinsa kafin ya yi hakan, aikin da ba shi da amfani ga wanda bai riga ya saye shi ba. Akwai tarin umarni na kyauta da Matthew Heironimus ya rubuta mai suna Arduino Joystick Library, wanda da shi ne yawancin masu wannan aiki suke mayar da allon na'urar wasa. Wanda ba ya son rubuta ko layi ɗaya na umarni kuwa yana iya ɗora manhajar FreeJoy a kan allon STM32F103, ya saita komai ta hanyar latse-latse.

Babban zaɓi a wannan mataki shi ne abin da zai riƙa auna juyawar sitiyarin, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin shi ne yake raba sitiyari mai daɗin tuƙi da wanda za a jingine bayan mako biyu. Na farko shi ne fotenshiyomita, wato irin abin da ake murɗawa a ƙara muryar rediyo. Yana da araha, ana samunsa wurin kowane mai gyaran lantarki, wayoyinsa uku ne kacal. Amma juyawarsa ba ta wuce digiri 270 zuwa 300, alhali sitiyarin motar gida yana yin kusan digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Domin a cike wannan giɓi sai an sa giya ko bel da zai rage juyawar sau uku ko fiye, kuma duk wani sako-sako da ke tsakanin haƙoran giyar zai zama wuri a tsakiyar sitiyari inda ake murɗawa mota ba ta amsawa. Bugu da ƙari, Leonardo yana raba abin da ya karanta zuwa matakai 1024 ne kawai, don haka a kan digiri 900 ana samun kusan mataki ɗaya a kowane digiri. Wasu suna guje wa giya ta hanyar sayen fotenshiyomita mai zagaye goma su haɗa shi kai tsaye, ba tare da sun lura cewa kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kawai suke amfani da shi ba, wato matakai 256, kowane mataki ya kai digiri uku da rabi. A kan miƙaƙƙiyar hanya, inda mota take gudu sosai, wannan tsalle yana sa ta riƙa karkata hagu da dama ba tare da direba ya so ba. Idan har za a yi amfani da shi, a tabbata an sayi mai alamar B10K, wanda ƙarfinsa yake hawa daidai wa daida, ba mai alamar A ba, wanda aka yi don murya. Sannan a sani cewa cikinsa goga ne yake bin layin gawayi, yana cinyewa, kuma ƙurar hunturu tana gaggauta lalacewarsa.

Na biyu shi ne inkoda mai aiki da haske, wato na'urar da take ƙirga juyawar sanda, kuma ni shi nake ba da shawara a saya tun farko. Wanda ya fi yawa shi ne mai bugu 600 a kowane zagaye, kuma da yake yana da layukan sigina biyu da ake ƙirga hawa da saukar kowannensu, allon yana samun ƙirge 2400 a zagaye ɗaya, wato 6000 a kan digiri 900. Kowane ƙirge bai wuce digiri 0.15 ba, abin da hannun mutum ba zai iya ji ba. Ba shi da iyakar juyawa, ba abin da yake gogar wani a cikinsa sai boris, kuma a rufe yake. Aibinsa biyu ne, dukkansu masu sauƙi: bai san inda tsakiya take ba idan aka kunna shi, don haka sai an daidaita sitiyarin kafin a jona USB ko a ware maɓalli guda don wannan aiki, sannan yawancinsu suna buƙatar ƙananan rezisto, wato 'yan kayan da suke taƙaita gudun wuta, tsakanin layukan sigina da layin bolt 5 kafin su yi karatu mai tsabta. A jona shi a ƙafafun Leonardo da suke amsa sigina nan take, wato 0, 1, 2, 3 ko 7, in ba haka ba allon zai riƙa tsallake ƙirge idan an murɗa da sauri, tsakiyar sitiyarin ta riƙa gushewa. Akwai na uku, AS5600, wanda yake karanta juyawar maganaɗisu, yana ba da matakai 4096 a zagaye, kuma ya fi inkoda araha. Sharaɗinsa shi ne a sami maganaɗisun da aka raba ƙarfinsa gefe da gefe ba sama da ƙasa ba, a kuma zaunar da shi daidai tsakiyar sandar sitiyari, milimita ɗaya ko biyu daga fuskar na'urar. Wanda hannunsa ya faɗa a aikin awo zai ji daɗinsa. Wanda sandarsa take ɗan rawa gara ya tsaya a kan inkoda.

Sauran aikin ƙarfe ne da katako. Ana buƙatar sanda miƙaƙƙiya mai kaurin milimita 15 zuwa 20, da boris biyu masu gidan ɗaurewa da za a ba su tazara mai kyau don kada sandar ta yi lilo, da abin da zai tsayar da sitiyarin idan ya kai iyaka. Mafi sauƙin abin tsayarwa shi ne igiya mai ƙarfi ko bel ɗin kujerar mota da yake nannaɗuwa a jikin sandar har ya ƙare. Domin sitiyarin ya riƙa komawa tsakiya, ana ɗaura robar tub ɗin keke ko ta babur a jikin sandar, ta yadda duk inda aka murɗa za ta ja shi baya. Wannan dabara tana aiki, amma a san iyakarta: robar tana ja da ƙarfi iri ɗaya ko motar tana tsaye ko tana gudu, ko tana kan kwalta ko ta faɗa yashi. Ga mai jan tirela a Euro Truck Simulator 2, inda ake tafiya a natse, wannan ya wadatar ƙwarai. Ga mai son tsere na gaske kuwa akwai abin da ya rasa.

Abin da ya rasa shi ne martanin sitiyari. A motar gaske tayoyin gaba suna turo ƙarfi zuwa hannun direba: sitiyari yana yin nauyi idan tayoyi sun kama hanya a kwana, yana yin sakayau idan sun fara zamewa, yana kuma juyawa da kansa zuwa inda ya kamata idan bayan mota ya kufce. Wasannin da aka gina a kan lissafin motsin mota suna ƙididdige wannan ƙarfi sau ɗaruruwa a daƙiƙa, su aika wa injin da ke cikin sitiyarin. Direban da yake jin wannan a hannunsa yana gyara kuskure tun kafin idonsa ya gani a allo, kuma wannan tazara ta ɗan lokaci ita ce take hana mota juyewa. A kula, jijjiga daban, martani daban. Sitiyarin roba masu araha da suke juya digiri 180 ko 270 suna karkarwa ne kawai kamar waya, ba sa turo hannu ko'ina, kuma a ganina wanda aka haɗa a gida da inkoda ya fi su ta kowace fuska.

Hanya ta biyu tana ƙara injin lantarki a kan abin da aka riga aka gina, kuma dalilin da ya sa na ce a fara da inkoda ke nan, domin manhajojin martani irin su EMC Lite a kan Leonardo, ko MMos a kan allon STM32F4 Discovery, da inkoda suke aiki. Injin da aka fi amfani da shi shi ne MY1016, na ƙaramin babur mai batir, mai bolt 24 da wat 250 ko 350, ana sarrafa shi da allon BTS7960 wanda yake iya juya shi gaba da baya. Mai wat 250 yana gudun da ya kusa zagaye 2700 a minti, amma ƙarfin murɗawarsa bai kai niyuton-mita ɗaya ba, don haka ake sa masa ƙaramin fuli, a sa babba a jikin sandar sitiyari, a haɗa su da bel mai haƙora. Idan babban ya ninka ƙaramin sau biyar, ana samun kimanin niyuton-mita huɗu, wanda ya kusa ninka na G29 da ke tsakanin biyu da biyu da rabi. Idan aka zarce wajen ragewa, ƙarfi zai ƙaru amma sitiyarin zai yi nauyi da jinkiri, ƙananan saƙonnin hanya su ɓace a cikin bel. Kada kuma a yaudaru da injin waifa na mota, duk da arharsa da yawansa a wurin masu kayan gyara: giyar cikinsa irin mai zare ce kamar na noti, injin yana iya juya sanda amma sanda ba ta iya juya injin, saboda haka sitiyarin zai kafe a hannu.

Matsalar da ba a cika faɗa ba game da wannan hanya ita ce zafi. An ƙera waɗannan injuna ne don su riƙa gudu, amma a sitiyari yawancin lokacinsu a tsaye suke suna turjiya da hannun direba, kuma a wannan yanayi ne injin yake jan wuta mafi yawa, dukkanta kuma tana komawa zafi. A ɗakin da ba shi da sanyi a watan Afrilu, dole ne a sa fanka a kan injin da kan allon BTS7960, a kuma rage ƙarfin a cikin manhaja, kada a dogara da amfiya 43 da aka rubuta a jikin allon. Ana kuma buƙatar na'urar ba da wuta mai bolt 24 da amfiya 15 zuwa 20. Wayoyin injin suna watsa hayaniyar lantarki da take rikita inkoda, don haka sai an raba hanyarsu, an yi amfani da waya mai rufin ƙarfe, an haɗa layin ƙasa yadda ya kamata. Idan aka tara kuɗin injin, allo, na'urar wuta, fuli, bel da aikin mai walda, sau da yawa jimillar tana kusantar kuɗin sitiyarin kamfani na hannu. Wanda zai bi wannan hanya ya bi ta don yana son ƙarfin da ya fi na Logitech ko don yana son koyon aikin, ba don yana tsammanin rangwame mai yawa ba.

Hanya ta uku tana cire bel da giya gaba ɗaya, a ɗaura sitiyari a jikin injin kai tsaye, ta yadda babu abin da zai shiga tsakanin lissafin wasan da hannun direba. A da wannan sai masu hali, domin injunan masana'antu ake amfani da su, kuma ko da Fanatec ya fitar da CSL DD a 2021 mai niyuton-mita 5, wanda ake iya ɗaga shi zuwa 8, an ɗauke shi a matsayin sauƙi ne kawai idan an kwatanta da na baya. Masu haɗin gida sun gano cewa tayar hobabod, wato allon nan mai taya biyu da yara suke hawa, injin ce mara goga, wato wadda babu gawayi mai gogayya a cikinta, mai bolt 36 da aka ƙera don ƙarfi a ƙaramin gudu, wanda shi ne ainihin abin da sitiyari yake so. Ana cire robar tayar, a ɗaure sandarta a jikin mazauni, a ɗora sitiyari a kan gangar da take juyawa, a haɗa inkoda, a sarrafa ta da allon ODrive ko makamancinsa, da manhaja irin ta FFBeast ko OpenFFBoard. Ƙarfin da ake samu yana iya haura niyuton-mita 10. Ta fuskar abin da ake samu a kan kuɗin da aka kashe, babu hanyar da ta kama ƙafar wannan.

Duk da haka ba zan ba wanda bai taɓa haɗa allon lantarki ba shawarar ya fara da ita ba. Niyuton-mita 10 a kan sitiyari mai faɗin santimita 30 daidai yake da nauyin kusan kilo bakwai yana fizgar hannu, kuma idan motar ta daki bango a cikin wasan, ko aka jona inkoda a juye, sitiyarin zai juya da dukkan ƙarfinsa ba tare da gargaɗi ba. Yana iya targaɗa babban yatsa ko wuyan hannu. Maɓallin kashe wuta na gaggawa a inda hannu zai kai nan take wajibi ne, haka fiyus, haka kuma nisanta yara daga wurin. Akwai kuma wani abu na lantarki: idan direba ya murɗa sitiyari sabanin inda injin yake turawa, injin yana zama janareta, yana mayar da wuta baya, kuma idan babu babban rezisto da zai shanye wannan wuta, ko dai na'urar ba da wuta ta ɗauke ko allon ya ƙone. Saitin injin mara goga ma yana cin lokaci, sai an gaya wa allon adadin maganaɗisun injin, wanda a yawancin waɗannan tayoyi tagwaye 15 ne, an kuma daidaita shi da inkoda.

Hanya ta huɗu ita ce sayen na hannu. Logitech ya fitar da G25 a 2006, G27 ya biyo baya, sannan G29 da G920 a 2015, da G923 a 2020, kuma dukkansu gini ɗaya ne a asali: injuna biyu ƙanana, giya, juyawar digiri 900, da feda uku. G29 na PlayStation ne da kwamfuta, G920 na Xbox ne da kwamfuta, kuma ba sa musanya, don haka a duba da kyau. G27 yana zuwa da sandar giya a cikin kwalinsa, amma PlayStation 4 ba ta karɓarsa kai tsaye. Ƙarfinsu kaɗan ne, giyarsu tana ƙara, kuma akwai ɗan sako-sako a tsakiya. Thrustmaster T300RS na 2014, mai bel da juyawar digiri 1080, ya fi su laushi da ƙarfi. Amma suna da abin da na haɗin gida ba shi da shi: kusan kowane wasa ya san su da suna, har da waɗanda suke ƙin amsa sitiyarin da ba su sani ba, kuma ana jona su a fara wasa a ranar. Wutar da suke ci ma kaɗan ce, domin na'urar wutar Logitech bolt 24 ce da amfiya 1.75, kimanin wat 42, abin da ƙaramar inbata za ta ɗauka ba tare da wahala ba, saɓanin wat 400 ko fiye da ake tanadar wa hanya ta biyu da ta uku. Ga gidan da yake dogaro da sola ko janareta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kada a biya kuɗin na hannu sai an gwada shi. Lafiyayyen Logitech idan aka jona shi yana juyawa da kansa zuwa ƙarshen gefe ɗaya, ya koma ɗayan, sannan ya tsaya daidai tsakiya. Idan ya tsaya a karkace ko ya riƙa dukan iyaka da ƙarfi, to ma'aunin cikinsa ya sami matsala, kuma a G25 da G27 sanannen abu ne faifan inkodarsu na roba ya tsage. A buɗe joy.cpl, wato shafin gwada na'urorin wasa a Windows, a taka kowace feda a hankali, a ga ko alamar tana hawa sumul ko tana tsalle, domin fedojin fotenshiyomita ne a cikinsu kuma datti yana shiga. A karanta rubutun jikin na'urar wutar, musamman idan kayan daga Amurka suka fito, a tabbata tana karɓar bolt 230 da ake amfani da shi a nan.

Ko wace hanya aka zaɓa, akwai sassa biyu da haɗin gida ya fi saye, kuma a nan ne nake ganin ya kamata kuɗi da lokaci su fara zuwa. Na farko birki ne. Ƙafar mutum ta fi iya tuna yawan ƙarfin da ta danna fiye da nisan da ta tafi, kuma birkin mota na gaske da ƙarfin dannawa yake aiki. Feda mai fotenshiyomita nisa take aunawa, shi ya sa yake da wuya a maimaita birki iri ɗaya a kwana ɗaya sau goma. Maganin shi ne ma'aunin nauyi irin na cikin sikelin lantarki, mai ɗaukar kilo 50 zuwa 100, a sa shi a bayan fedar tare da sifirin gajere da robobi masu tauri, a karanta shi da ƙaramin allon HX711. A lura cewa yawancin waɗannan alluna suna zuwa a saite a kan karatu 10 a daƙiƙa, wanda ya yi jinkiri ga birki, sai an sauya haɗin ƙafa ɗaya ya koma 80. Totur da kuloci ba sa buƙatar wannan; ma'aunin maganaɗisu irin SS49E da ƙaramin maganaɗisu sun isa, kuma ba sa cinyewa. Mai kwamfuta yana iya haɗa irin waɗannan fedoji da sitiyarin Logitech, kowanne da nasa USB, amma a PlayStation da Xbox hakan ba ya yiwuwa.

Na biyu shi ne mazauni. Sitiyari mai martani da aka ɗaure a tebur mai rawa yana zubar da rabin saƙonsa a cikin rawar teburin, birki mai ma'aunin nauyi kuwa zai tura kujera mai taya baya tun a takun farko. Dole kujera da feda da sitiyari su kasance a kan gini ɗaya. Bututun roba na famfo yana da sauƙin yankawa amma yana lanƙwasa, bai dace da komai ba sai sitiyarin da ba shi da injin. Katako mai kauri da aka ɗaure da kusoshi masu noti yana ɗaukar Logitech da ma injin mai bel, kuma kowane kafinta zai iya yin sa. Ga injin kai tsaye sai ƙarfe. A Turai da Amurka sandunan alminiyam masu kwari suka fi farin jini saboda ana iya matsar da komai, amma a nan suna da tsada da wuyar samu, alhali bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40 da mai walda suna ko'ina. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana iya samun ƙarfen, da boris, da kujerar mota ta hannu. A nemi kujerar tare da layin dogonta na matsawa gaba da baya, domin ƙarfen da aka yi wa walda ba ya gyaruwa, wannan layin ne zai ba mutane masu tsayi daban-daban damar zama. Kafin a kira mai walda a zauna a gwada awo da kwali ko guntayen katako: idan kafaɗa tana jingine da kujera, wuyan hannu ya iya kaiwa saman sitiyari, kuma idan an taka birki har ƙarshe gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa.

Akwai sha'awar ɗora sitiyarin mota na gaske, tunda yana da araha kuma yana da kyan gani, amma lissafi bai goyi bayan haka ba sai ga mai jan tirela da ba shi da injin. Sitiyarin Logitech faɗinsa kusan santimita 28 ne, na motar gida kuwa 36 zuwa 38. Ƙarfin da yake kai kilo ɗaya da rabi a bakin ƙaramin yana sauka zuwa kilo ɗaya da ɗan kai a bakin babban, sannan nauyin ƙarfensa yana sa injin ya yi jinkirin juya shi, ƙananan girgizar hanya su mutu kafin su iso hannu. Ga injin mai bel ko na kai tsaye, sitiyari mara nauyi mai faɗin santimita 30 zuwa 33 ya fi dacewa.

Ga wanda yake da kwamfuta, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana da sha'awar aikin hannu, Leonardo da inkoda mai bugu 600 su ne mafari, domin babu abin da zai zubar daga cikinsu ranar da ya shirya ƙara injin. Ya dai bar wurin fuli a jikin sandar tun yanzu, ya kuma yi akwatin da faɗin da zai ɗauki injin daga baya. Wanda burinsa tsere ne ba haɗa waya ba, ko wanda na'urarsa PlayStation ce ko Xbox, ya nemi Logitech na hannu mai lafiya, ya kashe ragowar kuɗin a kan mazauni mai ƙarfi. Wanda ya riga ya saba da dalma da na'urar awon wuta, kuma ya taɓa tayar da injin mara goga, ina ganin ya tsallake injin mai bel ya tafi kai tsaye ga tayar hobabod, domin wahalar haɗa su ta kusa zama ɗaya amma sakamakon ba ɗaya ba ne. A ranar gwajin farko ya saita ƙarfin a kan kashi goma cikin ɗari, ya cire sitiyarin daga jikin injin, ya tabbatar injin yana turawa zuwa tsakiya ba zuwa waje ba, ya gwada maɓallin gaggawa, sannan ya mayar da sitiyarin ya riƙa ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan.